Ruwan Da Ke Gindin Kwazazzabo

Mutanen Ostareliya suna da wata kalma da suke kiran tsakiyar ƙasarsu da ita, watau Autbak. In ka tambayi mutum goma inda Autbak ta fara, amsa goma za ka samu, domin ba a shata mata iyaka a taswira ba. Abin da dai suke nufi shi ne can baya, bayan gonaki da garuruwa, inda kwalta ɗaya ce tak, ruwan sama kuwa sai shekarar da aka yi dace. Bahaushe zai so ya ce dokar daji, ko ƙungurmin daji, amma duka biyun ba su zauna daidai ba. Dajinmu komai nisansa, in ka daure ka yi tafiyar yini guda, sai ka ji carar zakara ko ka hango hayaƙin ruga. Can kuwa sai ka yi awa biyu kana zuba gudu a mota ba ka ga rufin ɗaki ko ɗaya ba.

Bari in kawo lissafi, tunda na san akwai 'yan sashen labarin ƙasa cikin masu karanta mujallar nan. Yankin da suke kira Northern Territory faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3, watau ya fi Nijeriya, ya kuma ɗara Jamhuriyar Nijar. Amma mutanen da ke cikinsa duka-duka wajen 250,000 ne, fiye da rabinsu kuma suna Darwin da kewayenta, can bakin teku. Ƙaramar hukumar Dala ita kaɗai ta fi su jama'a. To, a irin wannan ƙasa ba da kilomita kaɗai ake auna tafiya ba. Da ruwa ake auna ta, sa'an nan da mai. Cikin wannan yanki ne ni da iyalina muka je wani kwazazzabo da Turawa ke kira Kings Canyon, masu wurin na asali kuwa, watau ƙabilar Luritja, suna kiran ƙasar Watarrka.

A watan Yuli na 2023 ne, ina shekara ta biyu ta karatun digiri na uku a birnin Adelaide, makarantun yara suka yi hutun mako biyu. Yuli a can tsakiyar sanyi ne, saboda ƙasar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu. Shi ne kuma lokacin da mai hankali ke shiga Autbak, don a watan Janairu zafi yakan wuce digiri 40. Mu biyar ne: ni, da uwargida, da babban ɗanmu mai shekara 14, da ƙanwarsa mai 11, sai Auta wadda ba ta cika huɗu ba. Na yi hayar mota mai ƙarfi, na duba tayar ko-ta-kwana, na rubuta wa wani abokin karatuna hanyar da za mu bi da ranar da za mu dawo, kamar yadda hukumomin can ke shawartar duk mai shiga daji. Ka'idarsu ta biyu ita ce, in mota ta lalace, kada ka bar ta ka taka da ƙafa wai neman taimako. Daga sama ana ganin mota, mutum kuwa ba a ganinsa.

Guzuri kam na uwargida ne. Ta yi dambun nama, ta yi cincin, ta soya miyar da za ta yi kwanaki ba ta lalace ba, sa'an nan ta sa na sayo jarka uku masu lita 20-20. Da yaron ya ga ana ta kiciniyar cusa su bayan mota, sai ya ce, "Umma, ai akwai kantuna a hanya." Ita kuwa a wani ƙauye ta tashi kusa da dutsen Kwatarkwashi, inda 'yan mata ke ɗaukar tulu tun da asuba. Ba ta ko dube shi ba, kun san ɗan fari, sai ta ce da ni, "Malam, gaya wa yaron nan, wanda bai taɓa kwana da ƙishirwa ba shi ke cewa akwai kanti a gaba."

Daga Adelaide zuwa Kings Canyon wajen kilomita 1,600 ne, kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas, ya juyo ya yi rabin hanyar dawowa. Kilomita 300 na farko gonakin alkama ne da tumaki, ba abin ba da labari. Daga garin Port Augusta ne ake hawa babbar hanyar Stuart, wadda ta tsaga ƙasar daga kudu har Darwin. An sa mata sunan John McDouall Stuart, Baturen da ya fara ratsa ƙasar daga kudu zuwa bakin tekun arewa a 1862. Bayan shekara 10 aka bi sawunsa da wayar tangaraho, amma kwalta ba ta gama rufe hanyar ba sai 1987. Da ka bar Port Augusta, itatuwa suka gajarce, ƙasa ta fara ja, sabis ɗin waya ya riƙa zuwa yana ɗaukewa har ya ɗauke gaba ɗaya. Abokan tafiyarka su ne wasu irin manyan motoci masu jan tirela uku ko huɗu a jere, tsawonsu har mita 53. In za ka wuce ɗaya, sai ka tabbata kana hango fili mai nisa a gabanka, ka yi bisimilla, ka taka. Gefen hanya kuwa gawarwakin kangaru ne da aka buge da dare, gaggafa na zaune a kansu ba ta ko kula ka. Saboda haka ba mu taɓa bari magariba ta same mu a kan kwalta ba. Akwai ma wuraren da aka faɗaɗa hanyar aka ja mata farin layi, domin jirgin likitocin sama ya sauka in an yi haɗari. Wannan ƙungiya ta likitoci masu zuwa da jirgi tun 1928 take aiki.

Mun tsaya a bakin wani tafki da ake kira Lake Hart, wanda ba ruwa a cikinsa sai gishiri fari fat iyakar ganinka. Uwargida ta ɗanɗana ta ce da Bilma ce da tuni an yi kantu da shi an ɗora wa raƙuma. Kusa da nan ne garin Woomera yake, inda Ingila da Ostareliya suka buɗe filin gwajin rokoki a 1947. Can yamma da hanyar kuma, a Emu Field a 1953, da Maralinga a 1956 da 1957, Ingila ta tayar da bama-baman nukiliya, bisa hujjar cewa wurin ba kowa, alhali kuwa akwai 'yan asalin ƙasar da ke zaune suna yawo a cikinsa. Na gaya wa yaran cewa haka Faransa ta yi a Reggane cikin Sahara a 1960, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a farkon 1961. Na lura duk inda mai ƙarfi ya dubi hamada ya ce ba kowa, to akwai abin da yake so ya yi a wurin.

A Glendambo kowa ke cika tanki, domin daga nan sai ka yi fiye da kilomita 250 kafin ka sake ganin gidan mai, a Coober Pedy. Wannan gari kam abin kallo ne. A 1915 aka gano wani dutse mai daraja da ake kira ofal a wurin, mutane suka yi ca, zafi ya hana su sakat, sai suka haƙa gidajensu cikin tudu suka shige. Har yau da yawansu a ƙarƙashin ƙasa suke kwana, mu ma a irin wannan masauki muka kwana, ba fanka ba abin ɗumama ɗaki, amma ba zafi ba sanyi. Ruwan garin daga rijiyar burtsatse ake jawo shi a tace masa gishiri, akwai kuma famfon da sai ka jefa kuɗi yake zuba. Uwargida ta tsaya ta kalli famfon nan, ta kalli ɗanta, ba ta ce komai ba. A nan ne kuma 'yar tamu ta tambaye ni abin da ya sa in mun yi waya da kakarta takan ce "ku dubi gabas ku yi mana addu'a", alhali mu yamma muke duba. Gaskiyarta. Daga Ostareliya alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, har Bahaushe ya rasa yadda zai yi da kalmar gabas a bakinsa. Muka yi ƙasaru, muka kwanta.

Kashegari muka ƙetara iyaka muka shiga Northern Territory, muka bar hanyar Stuart a mararrabar Erldunda muka yi yamma. A nan muka fara ganin raƙuma. Ba raƙuman kowa ba ne, ba akala ba shaida, suna kiwo abinsu kamar barewa. Labarinsu ya kamata kowane ɗalibi Musulmi ya sani. Tun daga shekarun 1860 Turawa suka ga doki ba ya iya ƙasar nan, sai suka riƙa shigo da raƙuma tare da masu kora su daga Afganistan da yankunan da yanzu suke Pakistan da arewacin Indiya. Duk "Afgan" aka riƙa kiransu. Su suka yi dakon kayan wayar tangaraho, da na layin dogo, da abinci zuwa gandayen kiwo da mahaƙan ma'adinai. Su suka fara gina masallatai a cikin ƙasar, na laka da kwano, a irin su garin Marree. Babban masallacin Adelaide kuma, inda nake sallar Juma'a, an gina shi a ƙarshen shekarun 1880 domin su. Da mota da jirgin ƙasa suka zo, layin dogo ya isa Alice Springs a 1929, aikinsu ya ƙare, aka saki raƙuman cikin daji suka yi ta haihuwa, har suka kai dubu ɗaruruwa, gwamnati ta riƙa sa a harbe su daga jirgin sama saboda suna ɓata mashaya. Jirgin ƙasan da ya gaje su kuwa har yanzu sunansu yake amsawa, ana ce masa The Ghan. Ni da kakana ya yi fatauci da jakuna tsakanin Kano da Gwanja, sai na ji mutanen nan kamar na san su: baƙi ne masu sanin hanya da rijiya, aka mori saninsu, aka manta da su.

Wani abin kuma da na gane a gefen hanya shi ne ciyawa. Na tsaya na tsinko kanta na duba, na ce wannan ai 'yar'uwar ƙarangiya ce. Haka ne kuwa, danginsu ɗaya, asalinta daga Afirka da Asiya ne, can suna ce mata bafel. An shuka ta da gangan domin kiwo da danne ƙura, yanzu ta mamaye ƙasa, tana kashe ciyawar asali, in ta kama wuta kuma tana ƙone manyan itatuwa. A madadin haka, itacen turaren nan da aka jera a dazuzzukan kare hamada na Kano da Jigawa da Sakkwato, asalinsa daga Ostareliya ne, mun gan shi a gidansu yana tsaye cikin busassun rafuka. An yi musaya ke nan, ban ce an yi ribar da ta zo daidai ba.

Da la'asar muka bi hanyar Luritja, muka isa sansanin baƙi kusa da kwazazzabon, muka kafa tanti. Jama'a, na sha hunturun Funtuwa da na Jos, amma sanyin daren nan daban ne. Rana na faɗuwa sai ka ji kamar an buɗe firji. Muka shige barguna da rigunan sanyi, karnukan dajin da suke kira dingo suna kuka can nesa, an kuma gargaɗe mu kada mu bar abinci ko takalmi a waje. Da na fito alwalar asuba, sai na ga sama ta cika maƙil da taurari, ga Kaza da 'ya'yanta can ƙasa-ƙasa wajen arewa maso gabas. Na tashi yaran na nuna musu. Ƙabilun hamadar nan suna ce wa taurarin 'yan mata bakwai 'yan'uwan juna, waɗanda wani mutum ke bi suna gudu, kuma labarin gudun nasu yana bin duwatsu da mashaya ɗaya bayan ɗaya, har ya ratsa ƙasar. Watau wanda ya haddace labarin ya haddace hanya.

Hanyar da ake bi a kewaya bakin kwazazzabon kilomita 6 ce, awa 3 zuwa 4. Hukumar gandun ta ce kowane mutum ya riƙe lita ɗaya ta ruwa domin kowace awa, kuma duk ranar da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36, ba mai fara hawa bayan ƙarfe 9 na safe. Mu da muka zo da sanyi wannan doka ba ta hau kanmu ba, amma uwargida ta yi lissafinta: mutum huɗu, awa huɗu, lita 16, da biyu na Auta. Lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce. Aka raba mana kaya, ni da yaron muka ɗauki mafi yawa.

Sauran magana ita ce Auta. Akwai wata gajeriyar hanya ta cikin rafi wadda masu ƙananan yara da tsofaffi ke bi, ba hawa. Uwargida ta ce ba ta yi kilomita 1,600 a zaune don ta tsaya a gindin dutse tana ɗaga kai ba. Ta sunkuya, ta ɗora Auta a baya, ta ja zani ta ɗaure, ta ƙara majanyi ta tamke. Farkon hanyar matakala ce ta duwatsu wajen 500, a miƙe kamar tsani, wadda masu zuwa suka yi wa laƙabi da tudun ciwon zuciya. Turawa suna ta wucewa da sandunan hawa da wasu jakunkunan goyo masu ƙarafa da maɗauri, suna waiwayen matar nan mai hijabi da ɗiya a baya. Wata tsohuwa ta tsaya ta tambaye ta ko ba ta tsoron zanin ya kwance. Uwargida ta ce da ita da irin wannan zanin aka goye ta, da shi aka goyi uwarta. Muka hau sannu-sannu, muna tsayawa inda aka yi wuraren hutu, kowa ya kurɓi ruwa ko bai ji ƙishi ba. Ni dai numfashina ya fi na kowa ƙara. Ita kuwa taku ɗaya take yi, ba sauri ba tsayawa, irin na mai ɗauke da tulu.

Da muka kai sama, sai muka tarar da wata duniya. Duwatsu ne jajaye masu kan tulluwa, ɗaruruwa, a jere kamar rumbunan wani babban gari da mutanensa suka tashi, har da lunguna a tsakaninsu. Masana sun ce dutsen yashi ne da ya taru ya daskare kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, daga baya ya tsattsage a tsaye da a kwance kamar an yanka alkaki, iska da ruwa suka yi ta cin kusurwoyin har suka zama haka. Jan nan ma fenti ne kawai na tsatsar ƙarfe. Inda dutsen ya ɓalle sabo, cikinsa fari ne. 'Yar tamu ce ta fara ganin wani falalen dutse mai zane-zane kamar yashin rafi bayan ruwa ya janye. Zanen igiyar ruwa ne na gaske, ya daskare tun zamanin da wurin ke ƙarƙashin ruwa marar zurfi. Ta shafa shi da hannu ta yi shiru.

Sai bakin kwazazzabon. Ba shinge, ba ƙarfe, sai alluna masu cewa a ja baya. Bangon da ke fuskantarmu ya fi mita 100 tsawo, sumul kamar an sa wuƙa an yanke. Na riƙe hannun 'yar, uwar ta ja can baya da goyonta, na kira yaron da muryar da ya san ba wasa a cikinta. Shekara 14 ita ce shekarar da yaro ke ganin kamar mutuwa ta wasu ce. Ya dawo yana ƙunƙuni. Akwai na'urorin kiran agaji da aka kakkafa a hanyar, amma mai hankali ya san kafin agaji ya zo daga inda zai zo, an daɗe.

Wajen tsakiyar tafiyar sai hanya ta gangara ta wata matakala ta katako zuwa cikin wani tsagi mai zurfi. Kana sauka iska na canjawa, sanyi mai laima na bugun fuskarka, sai ga kore. Ga itatuwan turare, ga 'yan'uwan ɓaure sun cusa saiwa cikin dutse, ga wasu tsirrai masu kama da dabinon da bai tashi ba, waɗanda irinsu ya tsira tun zamanin da ƙasar ke da damshi. A ƙarshen tsagin kuma ga ruwa kwance, baƙi wuluk saboda inuwa, ba ya ko motsi. Turawa sun sa wa wurin suna Lambun Adnin. Dalilin ruwan kuwa shi ne, dutsen yashin nan na sama yana shan ruwan sama kamar soso, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse mai laka wanda ruwa ba ya ratsawa, sai ruwan ya taru ya riƙa tsattsafowa a hankali, ko an shekara ba a yi ruwa ba. Saboda irin waɗannan maɓoya ne aka ƙidaya tsirrai fiye da iri 600 a gandun. Wasu 'yan tsuntsaye masu jan baki suna ta sauka suna sha suna tashi. Ba sa iya nisa da ruwa, don haka mutanen hamada ke bin su in suna neman mashaya.

A bakin ruwan akwai allo. Mutanen Luritja suna roƙon baƙi kada su shiga, domin wuri ne mai alfarma a wurinsu, na al'adun mazajensu. Yaron ya riga ya fara kwance igiyar takalmi, ƙafafunsa sun yi zafi. Na ce ya mayar. Ya karanta allon, ya dube ni, ya ce, "Baba, mu da ba addininmu ba ne? In mun bi, ba mun yarda da tsafinsu ke nan ba?"

Tambaya ce ta gaske, kuma na san da yawa cikinku ita za ku yi. Na ce masa ba a ce mu yi wa ruwan sujada ba, ba a ce mu yanka masa komai ba, an ce kada mu shiga. Barin abu ba bauta ba ne. Gidan mutum ne, ya ce ga ɗakin da ba a shiga, kai kuwa baƙo ne, baƙo kuma ko da idonsa makaho ne. Uwar ta karɓe, tana kwance goyo don Auta ta miƙe ƙafa. Ta ce a ƙauyensu tafkin sha daban, na wanki daban, yaron da aka kama yana iyo a na sha kuwa sai ya gane kurensa. Na ƙara masa da cewa ko a littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure an karhanta wanka cikin ruwan da ba ya gudana, balle jikin da aka shafe da man kare rana, a ruwan da tsuntsu da dabba ba su da wani sai shi.

Ya ce, "To ai su ba don tsabta suka hana ba."

Nan ma ya yi gaskiya, ban kuma yi masa musu ba. Abin da nake gani shi ne, mutanen nan sun fi shekara 20,000 a wannan ƙasa, ba hukuma ba ɗan sanda ba allo, ruwan kuwa ga shi mun same shi garau. Abin da ya tsare shi tsawon wannan zamani kwarjinin da suka ba shi ne. Ba sai na gaskata abin da suka gaskata ba kafin in ga cewa inuwar da nake zaune a ciki su suka adana ta. Ya ɗaure takalminsa ba don ya gamsu ba, sai don ni ubansa ne. Muka zuba masa ruwan gora a ƙafa, muka ci dambu, muka haura ɗaya ɓangaren. Mun sauko wurin mota bayan awa huɗu da rabi, da saura lita uku.

Washegari, da yake ƙafafu sun yi tsami, muka je wani wuri mai sauƙi a cikin gandun, Kathleen Springs, inda hanya shimfiɗaɗɗa ce har Auta ta taka da kanta. A nan ne mutum ke ganin abin da ya faru da ruwan da aka shiga. Ernest Giles ne Baturen farko da ya iso yankin, a 1872, ya raɗa wa rafi da tsaunuka sunayen abokansa da masu ba shi kuɗi, kamar ba su da suna. Bayansa, cikin shekarun 1880, masu shanu suka iso. Har yanzu ga ragowar shingen da makiyayan Turawa suka yi a bakin kwarin: shanu su shigo shan ruwa, a rufe, a kama. Shanu suka tattake mashaya, namun daji suka watse, masu ƙasa suka ji yunwa suka fara sukar shanu da mashi, aka aiko musu da 'yan sanda. A 1891 aka gurfanar da wani ɗan sanda mai suna William Willshire a kotun Port Augusta bisa kisan mutum biyu 'yan asalin ƙasar a gandun kiwo na Tempe Downs, maƙwabcin wannan wuri, aka kuma sallame shi. Wanda ya san rigimar mashaya da burtali a ƙasarmu ba sai an yi masa dogon bayani ba, sai dai a can gefe ɗaya ne ke da bindiga da alƙali. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, Babbar Kotun Ostareliya ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta kowa ba ce lokacin da Turawa suka zo. Shi gandun Watarrka an kafa shi a 1989, yanzu kuma masu wurin na asali ne ke gudanar da shi tare da hukumar gandun daji ta yankin.

A ƙarshen hanyar akwai wani ruwan kwance a gindin dutse, shi ma ba a shiga. A faɗar mutanen wurin, wani babban maciji ne ke tsaronsa. 'Yar tamu ta ce, "Kamar na rijiyar Kusugu!" Yaron kuwa, ashe bai bar maganar jiya ba, sai ya yi murmushi ya ce, "Yawwa, Baba. Bayajida ma ai baƙo ne. Ya zo ya tarar da maciji ya hana ruwa sai ran Juma'a, bai tsaya karanta allo ba, ya sare kansa. Kuma shi muke yabo har yau."

Na buɗe baki ke nan, uwar ta riga ni. Ba ta dube shi ba, ta ce, "Malam, tambayi yaron nan, da gari ya waye a Daura, mutanen garin kuka suka yi ko guɗa?"

Ya yi shiru yana kallon ruwan, sa'an nan ya ce zai yi tunani. Auta ta ce tana jin ƙishi, aka ba ta gora. Muka koma sansani muka naɗe tanti, na cika tanki da jarkokin nan uku, domin muna so mu kai Erldunda kafin kangaru su fara fitowa.